Kawu ya ce teku ta yi daɗi, na'urarmu ta ce babu abin da ya canja

Duk wanda yake Jidda ranar Alhamis 24 ga Nuwamba 2022 ba sai an tuna masa ba. Tun da safe aka fara ruwa, kafin azahar tituna sun zama koguna, motoci suna hawa kan juna, aka rufe hanyar Makka na wasu sa'o'i, daga baya hukumar yanayi ta ce an samu milimita 179 cikin awa shida a kudancin gari. Garin da wani lokacin shekara guda cur ba ya samun rabin haka. Mu da muka ga na 25 ga Nuwamba 2009, ranar takwas ga Zulhajji alhazai na shirin fita Mina, wanda ya ci rayuka sama da ɗari, gabanmu faɗuwa yake duk sanda hadari ya haɗu ta ɓangaren teku, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To bayan kwana biyu na je gaida Kawu a Hindawiyya, ƙanin mahaifiyata ne, a Sudan aka haife shi, ya yi shekaru yana kamun kifi tsakanin Bur Sudan da Sawakin kafin ya tsallako nan. Muna shan shayi ana ta labarin ambaliya sai ya ce min, "ɗan nan, da ka shiga jirgi ranar nan bayan an ɗauke, ka sa hannu ka ɗebo na sama-sama ka kai baki, wallahi da ka ji teku ta yi daɗi, ba kamar yadda ka san ta ba." Ya ce su a zamaninsu idan aka yi ruwa mai ƙarfi kuma iska ta kwanta, ruwan saman nan kwanciya yake a kan teku, ba ya shiga nan take, har launin wurin canjawa yake.

Ni kuma aikina kenan, a ɗakin gwaji nake a ɗaya daga cikin tashoshin tahliya, inda ake tace ruwan teku ya zama na sha, wanda ake turowa famfo ko a kawo a wayit, wato tankar ruwa. Kullum sai na auna gishirin ruwan da ke shigowa. Kuma na san abin da na gani a waɗannan kwanakin, ruwan ya yi laka, ya gurɓace, mun sha aiki wajen tacewa, amma lambar gishiri kusan tana nan inda take. Na ce Kawu ai ni na auna fa. Ya ce daga ina kuke jan ruwan? Na ce bututun yana can ƙasa, mitoci da dama. Sai ya ce to ai ka ji, ni saman nake faɗa maka.

Wannan maganar ta zauna min a rai, na shiga karance-karance da dare bayan na tashi daga aiki, sai na tarar ashe gardamar da muka yi da Kawu ita ce dai manyan masana teku suka shafe sama da shekara goma suna yi, sai dai su tsakanin tauraron ɗan adam ne da na'urorin da ke cikin ruwa.

Bari in fara da lambobin don a gane. Idan ka ɗebi kilo ɗaya na ruwan teku ka ƙafar da shi, a matsakaici za ka samu gishiri giram 35, shi ya sa za ka ji ana cewa gishirin teku 35 ne. Amma ba ko'ina ba. Tamu Bahar Maliya tana cikin mafi zartsi a duniya, can arewa wajen Suwez tana kai 40 har ta ɗan wuce, a kudu wajen Babul Mandab inda ruwan tekun Adan ke shigowa tana sauka wajen 36 zuwa 37, mu nan Jidda muna tsakiya wajen 39. Dalili ba ɓoyayye ba ne, babu kogi ko ɗaya mai gudu shekara duka da ke zuba a cikinta, ruwan sama ɗan kaɗan ne, rana kuma tana ɗauke kusan mita biyu na ruwa daga samanta duk shekara ta bar gishirin a baya. Da ba don ruwan da ke shigowa ta Babul Mandab ba da tuni labari ya sha bamban.

Ruwan sama babu gishiri a cikinsa, don haka ya fi na teku rashin nauyi. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce, ta teku kuwa tana ɗara haka da kamar giram 25. Bambancin ba shi da yawa a ido amma ya isa ya sa na saman ya tsaya a sama, kamar yadda mai ke tasowa kan miya idan ba a juya ba. Mai juyawar ita ce iska. Ita ce maburgi. In akwai iska mai ƙarfi da taguwa, kafin ka ce me an burge shi ya shige ciki, in kuma teku ta kwanta luf sai ya yi shimfiɗa a sama, siririya, ya ɗauki sa'o'i kafin ya narke.

Na zauna na yi lissafi da biro don in gani da idona. A ce an zuba ruwan sama mai kaurin santimita ɗaya a kan teku mai gishiri 35. In ya gauraya da santimita 10 na sama kawai, gishirin wurin zai faɗo wajen 32. In ya gauraya da mita ɗaya, 34.65 ne. In kuwa iska ta kai shi har mita 50, bambancin bai kai 0.01 ba, wato kamar ba a yi ba. Ruwa ɗaya ne fa, adadi ɗaya, amma amsa uku, ya danganta da inda ka tsoma na'urarka da kuma lokacin da ka tsoma. Sai na gwada da irin na ranar Alhamis ɗin nan, a ce santimita 18 ɗin a kan teku ya sauka, in ya tsaya a mita ɗaya na sama gishiri zai faɗo daga 39 zuwa wajen 33, wannan kam harshe ma zai ji, in ya bazu cikin mita goma kuwa abin da zai ragu bai wuce 0.7 ba. Kawu bai yi ƙari ba ko kaɗan.

Yanzu ta yaya tauraron ɗan adam yana can sama kilomita ɗari bakwai zai san gishirin ruwa? Wannan shi ne ya fi burge ni, domin hanyar tana da dangantaka da na'urar da nake riƙewa kullum. Tamu na'urar ba gishiri take gani ba, wutar lantarki take turawa cikin ruwan ta ga yadda take wucewa, ruwa mai gishiri ya fi barin wuta ta wuce. To shi ma tauraron da wannan halin na ruwa yake amfani. Kowane abu mai ɗumi, ƙasa ko ruwa ko jikin mutum, yana fitar da wani siririn sigina na rediyo da kansa, ba sai an kunna komai ba. Tauraron ba ya turo komai, kasa kunne kawai yake a mitar rediyo ta 1.4 gigahaz, mai tsawon zango santimita 21. Idan gishiri ya ƙaru sai siginar da ruwan ke fitarwa ta ragu. Amma raguwar ƙarama ce ƙwarai, da yake da digiri irin na zafi ake auna siginar, giram ɗaya na gishiri a ruwa mai ɗumi yana canja abin da na'urar ke ji da kamar rabin digiri ne ko ɗan fiye, a ruwa mai sanyi ma bai kai haka ba, ga zafin ruwan kansa yana canja siginar, ga taguwa tana canja ta, har siginar da ke fitowa daga rana da taurari ta bugi teku ta dawo sama duk sai an lissafa an cire. Aiki ne na haƙuri gaskiya.

Na farko da ya fara wannan aikin shi ne SMOS na hukumar sararin samaniya ta Turai, an harba shi 2 ga Nuwamba 2009, wato sati uku kafin ambaliyarmu ta farko, yana da hannuwa uku a baje ɗauke da ƙananan eriya 69. Sai Aquarius na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da haɗin gwiwar ƙasar Ajantina a watan Yuni 2011, wanda ya yi aiki shekara huɗu ya tsaya a Yuni 2015 saboda matsalar wuta. Sai SMAP na NASA da aka harba 31 ga Janairu 2015, shi asali don auna danshin ƙasa aka yi shi, don noma da fari, amma tunda mitar rediyo iri ɗaya suke saurare sai aka ga ai yana iya auna gishirin teku ma, yana da wata eriya kamar lema mai faɗin mita shida tana juyawa. Cikin kwana biyu zuwa uku SMOS da SMAP suna leƙa kusan duk duniya, abin da jiragen ruwa ba za su taɓa iyawa ba.

Ga inda maganar Kawu ta shigo. Siginar nan ba daga zurfi take fitowa ba, daga santimita ɗaya ne na sama, ko biyu in an yi yawa. Fatar teku kawai tauraron yake taɓawa, daidai inda Kawu yake sa tafin hannunsa. Su kuma waɗanda ake gwada gaskiyarsa da su, wato na'urorin Argo, wasu dogayen tukwane ne kamar na gas da aka watsa cikin tekuna tun wajen shekarar 2000, yanzu sun kai kusan 4,000, kowace tana nutsewa da kanta har mita 2,000 ta taso bayan kwana goma tana aunawa a hanya, ta aika sakamako sama ta sake nutsewa. Amma yawancinsu awon ƙarshe da suke yi a wajen mita biyar ne ƙasa da sama, suna kashe famfonsu kafin su fito don kada mai da dattin saman ruwa su shiga su ɓata na'urar. To ka ga ɗaya yana santimita ɗaya, ɗaya yana mita biyar, irin bututunmu.

A mafi yawan wurare wannan ba matsala ba ce, iska ta riga ta burge ruwan, sama da ƙasa ɗaya ne, sai lambobin su yi daidai. Amma akwai wata ɗamara da ta zagaye duniya kusa da tsakiyarta, inda iskar arewa da ta kudu ke haɗuwa hadari ya yi ta tashi, ita ce dai wadda in ta hauro arewa ta kawo mana damina a ƙasar Hausa da Gadarif da Sinnar. A kan tekun Fasifik ƙarƙashin wannan ɗamarar ana tafka ruwa sosai kuma sau da yawa iskar ba ta da ƙarfi. A nan ne aka ga tauraro yana ta nuna gishiri ƙasa da abin da Argo ke nunawa. Masana a Faransa da suka bibiyi bayanan SMOS sun haɗa su da bayanan ruwan sama, suka ga raguwar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin ruwan, kowane milimita ɗaya a awa yana rage abin da tauraron ke gani da kamar 0.1 zuwa 0.2. Wato in ana zuba milimita goma a awa lokacin da ya wuce, zai iya ganin ragin ɗaya zuwa biyu, alhali tukunyar da ke ƙasa ba ta ji komai ba tukuna.

Da farko wasu sun ɗauka kuskuren na'ura ne, kuma suna da hujja, don ɗigon ruwa in ya faɗa kan teku yana tayar da 'yan zobba da fantsama, saman ya yi kaushi, kaushin nan kuma yana canja siginar. Ruwan da ke cikin iska shi ma yana ɗan ƙara nasa, ko da yake a wannan mitar ba shi da yawa, shi ya sa ma tauraron ke iya gani ta cikin gajimare. Sai dai abin lura shi ne kaushi ƙara siginar yake, raguwar gishiri ita ma ƙara ta take, duk ɓangare ɗaya suke turawa, to ta ina za ka raba wanne ne wanne? Dole aka shiga teku da kai. A 2016 da 2017 aka yi wani babban bincike da ake kira SPURS-2 a gabashin Fasifik, wajen digiri 10 arewa, jiragen bincike suka je suka zauna ƙarƙashin hadari suna jan na'urori a gefen jirgi masu auna gishiri daga 'yan santimitoci na sama zuwa mita ɗaya, nesa da inda jirgin ke dama ruwa. Suka tabbatar shimfiɗar ruwan daɗin nan gaskiya ce, tana samuwa in iska ba ta da ƙarfi, tana iya ɗaukar sa'o'i, kuma in iska ta tashi sai ta watse.

Ni a ganina, kuma na daɗe ina juya abin, bai kamata a kira wannan kuskure ba. Na ga ana ƙirƙiro hanyoyin lissafi da ke ɗaukar bayanan ruwan da aka yi cikin sa'o'in da suka wuce, daga taurarin auna ruwan sama irin GPM na Amurka da Japan da aka harba a 2014, a haɗa da ƙarfin iska, a ƙiyasta nawa ne ruwan saman ya rage a cire shi, don a samu lambar da za ta dace da ta mita biyar. Wannan yana da amfani ga mai son sanin gishirin ainihin jikin teku, ban musa ba. Amma abin da ake cirewar nan shi ne sawun ruwan sama, kuma a tsakiyar teku babu wanda ya kafa ma'aunin ruwa. Ina ganin kamata ya yi a ajiye lambobin biyu, kowace a rubuta mata zurfinta da lokacinta, kamar yadda mu a ɗakin gwaji ba ma karɓar kwalbar da ba a rubuta inda aka ɗebo ta ba.

Abin da ya ɗan sosa min rai shi ne da na je neman taswirar Bahar Maliya ta waɗannan kwanakin. Tekunmu siririya ce, tsawonta ya haura kilomita 2,000 amma inda ta fi faɗi bai wuce 355 ba. Shi kuma tauraron idonsa ba kaifi gare shi ba, kowane ɗigo ɗaya a taswirarsa fili ne mai faɗin kilomita 40 ko fiye, na Aquarius ma wajen 100 ne zuwa sama. Ƙasa kuma tana fitar da sigina mai ƙarfi fiye da ruwa nesa ba kusa ba, balle busasshiyar ƙasa mai zafi irin ta Hijaz da gabashin Sudan, don haka in ka matso gaɓa sai hasken tudu ya shiga ya rufe na ruwa, kamar mai son jin raɗa a gefen injin niƙa. Ga kuma katsalandan na rediyo, duk da cewa mitar 1400 zuwa 1427 megahaz an keɓe ta a dokar duniya ba a yarda kowa ya watsa komai a cikinta ba, na'urorin rada da na sadarwa suna malalowa ciki, kuma yankinmu yana cikin wuraren da abin ya yi yawa. Shi ya sa a taswirori da yawa za ka ga gefen Bahar Maliya a shafe, wani lokacin ma kusan dukkanta. Kuma mu a nan ba ruwan da ya faɗa kai tsaye ne kaɗai ba, akwai na kwaruruka da ke gangarowa daga duwatsu ya zuba a gaɓa da laka da komai, irin na Khor Baraka da ke sauka Tokar, ko na Arba'at da ya fasa madatsar da Bur Sudan ke sha daga gare ta a Agusta 2024, 'yan uwanmu da ke can sun ga tashin hankali, Allah ya mayar musu da alheri. Duk wannan a bakin gaɓa yake faruwa, daidai inda tauraron ya fi rauni.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu da gishirin tsakiyar teku. Kusan kashi 86 cikin ɗari na tururin da ke tashi a duniya daga teku yake tashi, kuma kusan kashi 78 na ruwan sama a kan teku yake sauka, mu na tudu ragowar muke samu. Inda tururi ya tashi gishiri ya ƙaru, inda ruwa ya sauka ya ragu, don haka gishirin saman teku kamar littafin ajiya ne na inda ruwa ya fito da inda ya je. Wani bincike da ya fito a 2012 ya duba awon shekara 50, daga 1950 zuwa 2000, ya ga wuraren da ke da zartsi suna ƙara zartsi, masu ƙarancin gishiri suna ƙara raguwa, alamar cewa ɗumamar duniya tana ƙara wa wannan zagayen ƙarfi. Wanda kuma ya fi taɓa ni shi ne na 2016 daga cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, sun gano cewa in gishiri ya yi yawa a wani yanki na arewacin Atlantika a watannin bazara, daminar yankin Sahel ta wannan shekarar tana yawan yin kyau, saboda yawan gishirin yana nuna tururi mai yawa ya bar teku ya nufo tudu. Sahel fa, wato Katsina da Damagaram da Maraɗi, inda dangin babana ke jiran ruwan shuka har gobe. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru na ɗan lokaci.

Na koma wajen Kawu na yi masa bayanin duk wannan iya yadda zan iya, na ce masa taurarin Turawa a bayanka suke, santimita ɗaya suke gani irin na tafin hannunka. Ya tambaye ni ko suna iya gane lokacin da iska za ta tashi ta dama shi, don su a jirgi da wannan suke sanin ko a tsaya ko a koma. Na ce iskar ma ana aunawa daga sama, amma lokacin da tauraron zai wuce ba shi ne lokacin da ruwa zai sauka ba, SMOS da SMAP wajen ƙarfe shida na safe da shida na yamma suke ratsawa, in an yi ruwa da hantsi iska ta taso da la'asar to ya wuce su.

Mun yi shawara da shi, in Allah ya kai mu ruwan hunturu mai zuwa kuma aka yi shi lafiya babu ɓarna, akwai wani abokinsa mai ƙaramin jirgi a Ubhur, za mu fita da zarar an ɗauke. Na riga na tanadi kwalabe shida masu murfi da igiya da na yi wa alama a santimita 10 da rabin mita da mita ɗaya da biyu da biyar, ta shidan kuma ta Kawu ce, ya ce shi zai ɗebo na saman da hannunsa don ya san yadda ake kwantar da kwalba ba tare da an dama ruwan ba.